Injin esi na waje yana ƙara kamar zai tashi sama: tambayoyin da kuka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Ni gyaran esi da firij nake yi a nan Zariya, kuma duk shekara da zarar Maris ya kama zafi ya fara dukan mutane wayata ba ta hutawa, daga Samaru a kira daga Tudun Wada a kira, wani ma cikin dare zai turo min sautin da ya ɗauka da waya yace Oga saurari wannan. Kusan duk magana ɗaya ce, injin waje yana ƙara, an ce kwamfireso ne, an ce a canza. Abin da ke ci min rai shi ne da yawa daga cikin kwamfireson da ake yanke wa hukuncin mutuwa a garin nan lafiyarsu ƙalau, ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a gefensu, mutum ya ɗebi kuɗin abincin iyalinsa ya sayi wani a banza. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya. Na yi maganar manyan esi na sentiral masu sanyaya gida gaba ɗaya, amma yawancin bayanin ya shafi ƙananan da muke maƙalawa a bango ma.

Oga, ta yaya zan gane kwamfireson ne ke ƙarar ba wani abu ba?

A cikin akwatin nan na waje abu biyu ne kawai ke juyawa, fanka da kwamfireso. Fankar kana ganinta. Kwamfireso kuwa baƙin tulun ƙarfe ne da ke ɓoye a ciki, an yi masa walda an rufe ruf, da motar lantarki da man da ke sa ƙarafa santsi duk suna cikinsa, aikinsa ya zuƙo gas daga cikin gida ya matse shi ya tura shi cikin kwayil ɗin waje, wato naɗaɗɗen bututun nan da ke jikin akwatin, inda fanka za ta kore zafin. Toh in kana so ka bambance, ka tsaya kusa da shi wani ya kunna daga ciki ka kasa kunne. In ƙarar tana bin juyawar fanka, tana raguwa a hankali bayan an kashe har sai fankar ta tsaya, to maganar fanka ce. In kuwa ana kashewa ƙarar ta yanke nan take alhali fanka na ci gaba da wulwulawa, sai mu fara duba ɓangaren kwamfireso.

Kuma a sani manyan sentiral dama ba shiru suke ba. Na bango injin wajensa yakan tsaya wajen desibel 50 zuwa 55 a ma'aunin ƙarfin ƙara, sentiral na yau da kullum kuwa yana haura 70, wato ko yana da lafiya za ka ji shi daga tsakar gida. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne canji. Jiya ba haka yake yi ba yau ga shi yana yi. Kai da kake kwana da shi ka fi ni sanin muryarsa, shi ya sa in na zo tambayar farko da nake yi ita ce yaushe ya fara, kuma me ya faru kafin ya fara, an taɓa wuta ne, an ƙara gas ne, an yi iska ne.

Yana yin huuuum kamar zai tashi, sai in ji ƙwas ya yi shiru, bayan wasu mintuna ya sake. Ya mutu ke nan?

Alhaji wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma amsar a mafi yawan lokuta a'a ce, bai mutu ba, amma in ka bar shi yana haka kwana biyu kai ne za ka kashe shi. Gurnanin nan da kake ji mota ce ke ƙoƙarin juyawa ta kasa. Lokacin da take wannan yunƙurin tana jan wuta ninki huɗu zuwa shida na abin da take ja in tana tafiya daidai, wayoyin cikinta su ɗau zafi, sai wani ɗan abin kariya da ke jikinta ya yanke wutar, shi ne ƙwas ɗin. In ta huce ya mayar, ta sake gwadawa ta sake kasawa. Kowane zagaye ɗaya yana cin fatar wayoyin nan kaɗan kaɗan har ranar da za su haɗe su ƙone. Saboda haka abu na farko, ka je ka sauke bireka, kar ka tsaya a rimot kawai.

Abu biyu ne suka fi kawo wannan. Na ɗaya kafasito, ɗan gwangwanin nan mai kama da gwangwanin maganin sauro, shi ne ke ba motar turin da take buƙata ta tashi ta kuma ci gaba da juyawa. Zafi ne babban abokin gabarsa, kuma ka san yadda rana take a nan a watan Afrilu, ga shi a cikin akwatin ƙarfe. In ya gaji wani lokaci za ka ga kansa ya kumbura ko yana tsiyayar mai, wani lokaci kuma fes yake a ido sai an sa mita an auna. Ana rubuta ƙarfinsa a jiki, 35 ko 45 ko 50 haka, in awon ya sauka sosai ƙasa da abin da aka rubuta to ya gama aiki. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfireso ba.

Na biyu kuma ƙarancin wuta. An ƙera waɗannan injinan ne su yi aiki a kan wuta mai bolt 220 zuwa 240, in ta sauka ƙasa da 200 sun fara wahala. Ni da hannuna na sha aunawa da yamma a wasu unguwanni in ga 170, wata rana ma ƙasa da haka, musamman gidajen da ke ƙarshen layi nesa da taransifoma lokacin da kowa ya kunna kaya. A irin wannan wutar ko sabon kwamfireso fil ka kawo haka zai yi ta gurnani. Alamar da za ka gane da kanka, in da asuba yana tashi lafiya amma da magariba ya ƙi, kuma fankar silin ta rage gudu ƙwai ya dushe, to wallahi kar ka bari kowa ya taɓa maka gas ko kwamfireso, wuta ce. Wani lokacin ma ba daga waje ba ne, siririyar waya ce aka ja masa ko wani wuri ya saki a cenja yana ɗaukar zafi.

Tunda kafasito ne zan iya saya in canza da kaina?

Dan Allah a'a, sai in ka san aikin wuta. Kafasito yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an sauke bireka, kuma yana iya jan mutum ja mai tsanani. In mai gyara ya zo ka dai lura da abu biyu, lambar ƙarfin ta zama iri ɗaya da ta tsohon, lambar boltejinsa kuma kar ta gaza ta tsohon, ta fi ba laifi. Akwai masu cewa bari a sa babba don ya fi ƙarfi, wannan ɗumama motar yake yi. Kuma ka karɓi tsohon ka ajiye.

Namu babban sentiral ne mai fes uku. Jiya lafiya lau, yau an dawo da wuta bayan gyara sai ya kama wata irin ƙara mai ban tsoro kuma ba sanyi ko kaɗan.

Yallaɓai kashe shi yanzun nan kafin ka gama karanta wannan, amma kwantar da hankalinka domin akwai kyakkyawan zaton ko sisi ba za ka kashe a kan kaya ba. Yawancin manyan injinan yanzu, sentiral da kuma na tsaye masu doki biyar, kwamfireson cikinsu irin wanda ake kira sikurol ne, ƙarafa biyu ne masu naɗi kamar katantanwa ɗaya a cikin ɗaya, kuma gefe ɗaya kawai yake matse gas in yana juyawa. Ita kuwa mota mai fes uku, jerin wayoyin nan uku ne ke gaya mata inda za ta juya. In aka musanya guda biyu a ko ina, a jikin turke ko a taransifoma ko a cenja ko wajen haɗa sabon janareta, sai ta koma juyawa da baya. Sauran kayan gida ba za su nuna komai ba, ƙwai zai kama talabijin zai kama, shi kaɗai ne zai yi ta kururuwa ba ya tura komai.

Akwai wani gida da aka kira ni wajen GRA, dattijo ne ya yi ritaya, an riga an kawo masa mutum biyu duk sun ce kwamfireso ya fashe a ciki, har ya fara neman wanda zai sayo masa daga Kano. Da na isa na ce Baba kafin ya fara wannan ƙarar an taɓa wutar gidan nan? Yace ƙwarai, shekaranjiya iska ta tsinka waya aka zo aka ɗaura. Na sa geji, agogon auna matsin gas, na ga allurai biyun ba sa motsi, na ɓangaren zuƙa bai sauka ba na ɓangaren turawa bai hau ba, wutar da yake ja kuma ƙasa da yadda ya kamata. Waya biyu na musanya. Da muka kunna ya tashi sumul, Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsa bai ce komai ba. Har yau in na tuna cewa saura ƙiris a yanke wannan lafiyayyen injin a jefar sai raina ya ɓaci.

Duk mai injin fes uku ya sa a ɗaura masa ɗan na'urar nan mai gadin fes. In jeri ya juya ko fes ɗaya ya ɗauke, ba za ta bari injin ya tashi ba. Ɗaukewar fes ɗaya ma ya fi juyawar haɗari, domin motar za ta yi ta gurnani a kan biyu har ta ƙone, kuma kun san sau nawa fes ɗaya ke tafiya a unguwanninmu.

Ƙarar kamar gwangwani ce, kwaram kwaram, har bangon ɗakin yana karkarwa, maƙwabcina ya fara magana.

Wannan ita ce mai sauƙi, kuma maƙwabcinka yana da gaskiya, haƙƙinsa ne ya yi barci. Kwamfireso a kan ƙafafun roba yake zaune, uku ko huɗu, su ne ke shanye jijjigarsa. Shekaru na tafiya robar ta bushe ta tsage ta zama kamar dutse, sai jijjigar ta bi ƙarfe ta shiga bango. Haka ma in injin a kan biraket yake a jikin gini ba a sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa ba, ko notunan sun saki. Sai kuma kejin ƙarfen da muke yi saboda ɓarayi, sau da yawa shi ne ma ke kaɗawa ba injin ba, ɗora hannunka a kan kejin ka danne, in ƙarar ta ragu ka kama ɓarawon. Wani lokacin bututun tagulla ne ya jingina da jikin akwatin yana bugawa, wannan kam kar a yi sakaci da shi don a hankali zai cinye bututun ya huda gas ya tsere.

Ban da haka ina yawan ciro leda, busasshen ganyen darbejiya, tsinken tsintsiya, har da ƙadangare daga cikin fanka. In fiffiken fankar ya lanƙwashe ko ya ɓalle a gefe ɗaya duk injin zai riƙa rawa, a canza fiffiken, kar a tsaya miƙe shi da filaya. Manyan da ake ajiyewa a ƙasa kuma a duba dakalin, in damina ta zaizaye ƙasar ya karkace sai a daidaita.

Nawa ba kaɗawa yake ba, bugu yake yi daga ciki, gau gau gau, kamar ana dukan ƙarfe da guduma.

Toh wannan kam ba ta wasa ba ce, a kashe. Kwamfireso iska aka yi shi ya matse, wato gas ɗin a lokacin da ya zama tururi. Ruwa ba ya matsuwa. In gas ɗin ya dawo masa yana ruwa ruwa, bugun da kake ji shi ne ƙarfe ke karo da abin da ya ƙi matsuwa, kuma yana iya fasa bawul ko ya wanke man da ke jikin ƙarafan su riƙa gogar juna a bushe. Me ke sa ya dawo a ruwa? Yawanci iska ce ba ta ratsa injin ciki yadda ya kamata, rariyar tace ƙura ta toshe, ko fankar ciki ta mutu ko bel ɗinta ya saki, ko an rufe ƙofofin iskar ɗakuna da yawa a sentiral wai don a tara sanyi a falo. Ko kuma an ɗura masa gas fiye da kima. In ka ga babban bututun nan mai kauri ya yi ƙanƙara har zuwa jikin injin waje, alama ce.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu ya ishe mu ba mai kunna esi, mutane su sauke bireka su manta da shi wata uku. A tsawon lokacin nan gas yana sulalewa ya je ya kwanta cikin man kwamfireso. Ranar da zafi ya dawo aka ɗaga bireka aka kunna nan take, sai man ya yi kumfa ya taso tare da ruwan gas, ka ji gau gau na ɗan lokaci. Yawancin manyan injina suna da ɗan hita a gindin kwamfireso saboda wannan matsalar, amma sai da wuta yake aiki. Don haka in injin ya daɗe a kashe, ka ɗaga bireka ka bar shi da wuta a jiki ba tare da ka kunna sanyi ba, ni nakan ce a ba shi daga dare zuwa safiya in wutar ta zauna, littafin injin ma yana faɗin awannin da kamfanin ke so.

In an gyara duk wannan bugun bai daina ba, musamman in yana yin ƙwal mai ƙarfi daidai lokacin tashi da lokacin tsayawa, to mai yiwuwa wani abu ya karye a ciki, sifirin ɗin da ke riƙe da motar ko wani ƙarfe. A nan ne kawai nake fara maganar canji.

Ƙara ce siririya mai shiga kunne, ƙiiiii.

In daga fanka take, boris ɗin motar fanka ne ya bushe, ƙurar hunturu ce ke cinye shi, a canza boris ko motar, magana ta ƙare. In kuwa daga kwamfireso take, kamar fito ko kururuwa, sau da yawa matsin gas ne ya hau sama da yawa saboda zafi ya rasa hanyar fita. Ko kwayil ɗin waje ya toshe da ƙura, ko fankar waje ta tsaya kwamfireso na ta aiki shi kaɗai. Kar a tsaya kusa da shi ana leƙe, a kashe daga bireka. Akwai kuma zzzzz ko taf taf taf da sauri daga inda wayoyi suke shiga, wannan kwantakta ne, makunnin da ke haɗa wa kwamfireso wuta, ko wuta ta yi masa kaɗan ko tururuwa ko zanzaro sun shiga tsakanin bakinsa. Ƙaramin abu ne amma yana yanke wa kwamfireso wuta yana mayarwa sau da yawa a cikin daƙiƙa, kuma hakan na kashe shi.

Wani mai gyara yace gas ne ya ƙare shi ya sa yake ƙara. Bara ma an ƙara. Duk shekara ake ƙarawa?

Hajiya gas ɗin esi ba irin na girki ba ne, ba ya ƙonewa ba ya ƙarewa, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu to akwai inda yake fita, kuma duk wanda ya ɗura miki bai nemo hudar ba ya san zai dawo baɗi ya sake karɓar kuɗi. Gaskiya ne ƙarancin gas na iya canza muryar kwamfireso, domin gas ɗin da ke dawowa da sanyinsa shi ne ke sanyaya motar kuma shi ke dawo da mai, in ya yi kaɗan sai ta yi zafi ta riƙa yin ƙara a bushe. Amma ƙara ita kaɗai ba hujja ba ce. Ki ce ya sa geji ki gani, ya nuna miki wurin da ke yoyo, galibi za ki ga danshin mai a wurin, yawanci a bakin noti inda bututu ya haɗu da injin.

Sannan a duba takardar da ke manne a jikin injin waje. An rubuta irin gas ɗinsa, R22 ne ko R410A ko R32, an kuma rubuta nauyin da yake ɗauka. Ba a gauraya su, matsinsu ba ɗaya ba ne, man da R22 ke tafiya da shi ma daban yake da na sauran. R22 shi ne na tsofaffin injina, duniya na janye shi a hankali a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, shi ya sa sababbi ba sa zuwa da shi. R32 kuma yana iya kama wuta, ba a kusantarsa da wutar walda sai an tabbatar an cire shi. In an buɗe bututu dole a sa injin bakum a zuƙe iska da danshi kafin a ɗura, wanda ya zo miki da tukunyar gas kawai ba bakum ba sikeli, aikin ido zai yi.

Abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwana masu sana'a, musamman yaran da suka fara fita aiki. In za a gwada yoyo da naitirojin ake yi. Kar a kuskura a sa iskar oksijin ta walda a cikin bututun esi, in ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa take yi, kuma rai ake rasawa.

In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, ko na juya zuwa janareta, sai ya yi nishi.

Lokacin da ya tsaya, ɓangare ɗaya na bututun a matse yake sosai, sai an ba shi kamar minti uku zuwa biyar kafin matsin ya daidaita. In ya tashi kafin nan kamar ka ce mutum ya tura mota a kan tudu ne daga tsaye. Sababbin injina suna jira da kansu, tsofaffi da yawa ba sa yi, sai a sa musu na'urar jinkiri, irin mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. Sitabilaiza ma yana taimakawa in an sayi wanda ya fi ƙarfin injin da rata mai kyau, ƙarami kuwa shi ma zai zama wata matsalar.

Janareta kuma a tuna ba wutar tafiya kaɗai ake lissafawa ba, ta tashi ce mai nauyi. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin wajen wat 1,100 zuwa 1,200 in yana tafiya, amma daƙiƙar tashi yana neman ninkin haka sau da yawa. In ka ji janareta ya durƙusa ƙwai ya dushe duk lokacin da kwamfireso zai shiga, ya yi masa kaɗan, su biyun duka kake gajiyarwa.

Sabo ne mai inbata, muryarsa na hawa tana sauka, wani lokaci da ɗan fito. Matsala ce?

A'a, haka aka yi shi. Yana ƙara gudu in ɗaki da zafi, in ya yi sanyi ya rage, ba ya tsayawa ya tashi kamar na da. Ɗan shuuu na tafiyar gas bayan an kashe, da ƙas ƙas na robar injin ciki in tana sanyi, duk ba komai. In dai yana cikin garanti kuma ka ji abin da bai kwanta maka ba, ka koma inda ka saya kafin wani ya kwance shi.

An ce min kwamfireson ya mutu. Ta yaya zan tabbatar, kuma in sa ɗan beljiyom ko in bayar a yi masa riwayin?

Kafin ka yarda ka tambayi mai gyaran abu huɗu kuma ya yi su a gabanka. Nawa wuta take a bakin injin lokacin da yake ƙoƙarin tashi, ba lokacin da yake kashe ba. An gwada da sabon kafasito? An bar shi ya huce sosai kafin a auna wayoyinsa, domin in yana da zafi abin kariyar nan na ciki a buɗe yake, mita za ta nuna kamar waya ta tsinke alhali ba ta tsinke ba, kuma babban kwamfireso yana iya ɗaukar awanni kafin ya huce, wannan kuskuren kaɗai ya sa an jefar da masu lafiya da yawa. Na huɗu, an auna tsakanin wayoyin da jikin ƙarfen? In wuta na zuwa jiki, ko man ya yi baƙi yana warin ƙuna, to ya tafi, sai haƙuri. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyin ba.

Riwayin kam, wato sake naɗa wayoyin motar, ban ba da shawara ba. Sai an yanka tulun an sake walda, kuma tsabtar da ake buƙata a ciki ba ta samuwa a bakin titi. Ɗan beljiyom sa'a ce, akwai masu kyau akwai waɗanda gajiyarsu ce ta sa aka cire su, in za ka saya ya zama ƙarfinsa da irin gas ɗinsa da fes ɗinsa sun dace da naka, a tayar da shi a gabanka, kuma ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya. In an kawo shi a kwance a bayan mota a tsayar da shi wasu awanni man ya koma mazauninsa.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci, a gano abin da ya kashe na farkon. In wuta ce kuma ba a yi komai a kai ba, na biyun ma hanyar zai bi. In ƙonewa ya yi, man ya zama mai asid ya bi duk bututun, dole a wanke layin a canza dirayan da ke tace danshi a yi bakum mai kyau. In injin tsohon R22 ne da ya haura shekara goma sha biyar kuma kwayil ɗin ma ya fara yoyo, ni zan ce ka lissafa kuɗin sabo gaba ɗaya kafin ka zuba kuɗi a kansa.

Me zan iya yi da kaina ba sai na kira kowa ba?

Wanki. Rariyar injin ciki a cire a wanke duk sati biyu lokacin da ake amfani da shi sosai, a bari ta bushe a mayar. Injin waje kuma a ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kafin zafi ya kankama, a sauke bireka a wanke kwayil ɗin da tiyo a hankali, ba da injin wankin mota mai ƙarfi ba don yana kwantar da siraran faifan nan, kuma kar ruwa ya shiga inda wayoyi suke. A bar masa fili ya sha iska, kar a jingina masa katifa ko buhunan masara ko a yi shanya a kansa, kuma in irin mai hura iska sama ne kar a yi masa rumfar kwano dab da kansa, zafin da ya fitar zai dawo ya sake shaƙa. Masu nannaɗe shi da bargo ko tamfol don rage ƙara su daina, akwai rigar da ake yi wa tulun kwamfireson shi kaɗai a ciki, mai gyara zai iya sa maka ita.

In kuma za ka turo min sauti, ka ɗauka tun kafin a kunna har ya tashi ya yi kamar minti ɗaya, sannan a kashe kana ci gaba da ɗauka, ka haɗo da hoton takardar jikin injin ka kuma gaya min ƙarfe nawa ne da irin wutar da yake kai a lokacin.